Tsoho da tashin dare: abin da na'urorin Turai suka gano

Maganarmu ta yau a kan tsofaffin da kuke bari a gida ne, ko kun kora shanu kudu da rani, ko kun ɗora kaya daga Maraɗi zuwa Jibiya, ko daga Ƙonni zuwa Illela, ba za ku dawo ba sai bayan kwanaki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa tana kashe mutum kusan 684,000 a kowace shekara. In ka cire hatsarin hanya, babu tsautsayin da ya kai ta kisa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi mutuwa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na mace-macen nan a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin hali suke faruwa, wato irin namu ke nan.

A ƙasashe irin su Ingila da Jamus da Japan akwai gidajen kula da tsofaffi, inda ake tara su ma'aikata suna duba su dare da rana. Mu nan abin yana mana banbaraƙwai, don uba a gaban ɗansa yake tsufa. To amma da yake tsofaffin suna wuri guda kuma ana rubuta duk abin da ya same su, sun san abin da mu ba mu ƙirga ba. A irin gidajen nan, cikin tsofaffi goma, uku zuwa biyar suna faɗuwa a shekara, galibi a cikin ɗakin kwana ko a hanyar ban ɗaki.

Sai suka shiga ƙera na'urori. Akwai wata shimfiɗa da ake sawa a ƙarƙashin katifa ko a gaban gado, da tsoho ya tashi sai ƙararrawa ta kaɗa a wajen mai gadin dare. Akwai fitilar da ke kunna kanta in ta ji motsi. Akwai gadon da ake saukarwa ya kusa taɓa ƙasa, da wando mai ɗan matashi a gefen ƙugu. Tun 2018 agogon Apple Watch yana gane faɗuwa mai ƙarfi, in mai shi ya kai kamar minti guda bai motsa ba sai ya kira masu agaji da kansa.

Ga inda nake so ku kasa kunne. A 2012 an fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a wani asibiti a birnin Memfis na Amurka, da majinyata sama da 27,000. Aka yawaita amfani da ƙararrawar gado a wasu ɗakuna, wasu aka bar su yadda suke. Da aka zo lissafi, faɗuwar ba ta ragu ba. In ka duba, abin ba mamaki: ƙararrawa ba ta da hannu. Kafin ma'aikaci ya baro inda yake ya iso, tsoho ya riga ya kai ƙasa. Shi ma agogon sai an faɗi yake magana. Amfaninsa shi ne kada mutum ya kwana a ƙasa ba wanda ya sani, kuma wannan ba ƙaramin amfani ba ne, don tsohon da ya daɗe a yashe cikin sanyi ko rana jikinsa yana lalacewa ko da bai karye ba.

Saboda haka, Malam, kada ka ce ai wannan sha'anin masu kuɗi ne. Abin da ya fi aiki a cikin kayan nan yana nan a kasuwar da kake ci. Fitilar sola mai kunna kanta in an gifta, ka kafa ɗaya a ƙofar ɗakin Baba, ɗaya a hanyar makewayi. Tocila tana da kyau, amma hannu ɗaya da sanda, ɗaya da buta, da wanne zai riƙe ta? Sannan ka bi hanyar nan da kanka da dare, ka duba abin da ƙafa za ta ci karo da shi: turke, igiyar dangwali, dokin ƙofa mai tudu, bakin tabarma da ya naɗe, santsin wurin alwala da damina. In tafiyar ta yi nisa, a ajiye masa fo ko bokiti a ɗaki. Ya fi sauƙin kunya a kan a ɗauke shi a amalanke.

Wayar salula kuma, ƙarama mai maɓalli ta isa. A sa mata igiya ya rataya a wuya, a saita ta yadda danna lamba ɗaya zai kira. Amma lambar wa? Kai kana ƙetaren iyaka, wataƙila ma layinka ba ya shiga a can. A sa ta maƙwabci ko jikan da ke kwana kusa, wanda zai iya isowa kafin a ce kwabo. Kuma a samu yaron da aikinsa ne kai ta caji.

Akwai abin da ba na'urar da za ta gyara. Tsoho in ya miƙe farat ɗaya daga kwance, jini kan yi jinkirin kaiwa ga kai, sai jiri ya ɗebe shi. Ku koya masa ya zauna a bakin gado tukuna, ya motsa ƙafafu, sannan ya tashi. Maganin barci da wasu magungunan hawan jini suna ƙara wannan jirin, don haka ƙwayoyin da kuke sayo musu a tebur ranar kasuwa, a kai wa likita ya gani. Yanar ido ana cire ta da ƙaramin aiki. Kuma kada tausayi ya sa ku hana tsoho motsi. Wanda aka zaunar, cinyarsa takan saki, sai faɗuwar ta fi kusa. Ku bar Inna ta ci gaba da 'yan zirga-zirgarta, da takalmin da ya kama dunduniya maimakon silifas.

Na san za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma ai ba wanda ke barin maraƙi a bakin rijiya don wannan magana.

In kuwa an faɗi, kada a yi saurin ɗaga shi. A tambaye shi inda ke ciwo. In ya kasa taka ƙafa, ko ƙafar ta gajarce ta juya waje, ƙashin ƙugu ne ake zargi, kuma wannan ba karayar mai ɗori ba ce, don tana can ciki inda kara ba ya kamawa. Asibiti za a kai shi a ɗauki hoto, ranar nan, ba sai kun dawo daga tafiya ba. In kansa ya bugu, a sa masa ido har makonni: yawan barci, amai, ruɗewa ko ciwon kai mai ƙaruwa suna iya nuna jini yana taruwa a ciki. Ku bar wa na gida kuɗin mota da wannan umarni tun kafin ku ɗaura kaya.