Kuɗin jami'a ba a rasit yake ba
Jawabin da aka gabatar gaban iyayen ɗalibai a garin Guna, Damagaram



Ranar da yaron Guna ya ci jarrabawar bak, gida yakan cika da guɗa. Mahaifinsa ya tambayi kuɗin rajista, aka faɗa masa, ya ce wannan ai tunkiya guda ta biya. Nan ne lissafi ya fara karkacewa, domin kuɗin rajista shi ne ƙaramin kaya cikin kayan da jami'a ke ɗora wa talaka.

Babban kayan shi ne kuɗin mota, da hayar ɗaki in gidan kwanan ɗalibai ya cika, da abinci, da magani, da kwafin takardu. Bayan haka akwai hasarar da ba a rubutawa: hannu biyu da gona ta rasa, ko yaron shago da ɗan kasuwa ya sallama. Kuɗin tallafin gwamnati, wato burs, ba kowa ke samu ba, wanda ya samu ma yakan jira watanni. Yunwa kuwa ba ta san bashi ba.

Wannan ciwo daɗaɗɗe ne. Jami'ar Yamai ta tsaya da ƙafarta a 1973, kuma shekara da shekaru ɗan Damagaram sai ya ci wajen kilomita 900 kafin ya shiga aji. Da Bankin Duniya ya matsa a rage kashe kuɗi kan ilimi mai zurfi, ɗalibai suka fito, aka harbe uku a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, littafin da ke zuwa daga Faransa ya ninka kuɗi, alhali ma'aikata na bin gwamnati albashin watanni. Yajin aiki da farar shekara suka mai da karatun shekara huɗu ya zama na shida ko bakwai. Kowace shekarar da aka ƙara, uba ne ya biya ta da gero.

A 2010 aka kafa jami'a a Damagaram, wadda aka raɗa wa sunan André Salifou, ɗan garin da ya shugabanci Taron Ƙasa na 1991. Hanya ta ragu, alhamdu lillahi, amma kusanci bai rage kuɗin tuwo ba. Ɗalibin da ya bar karatu a shekara ta biyu, sau da yawa ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba, guzuri ne ya ƙare. Shi ne ya fi kowa hasara: an sayar da dabbobi, babu takarda, kuma kunya ta hana shi komawa gona.

Saboda haka abu uku ya wajaba. Kowace jami'a ta riƙa bayyana wa jama'a yawan waɗanda suka shiga da yawan waɗanda suka kammala, sashe bayan sashe, don uba ya san inda yake zuba dukiyarsa. Gwamnati ta biya burs a kan lokaci. Ƴan kasuwa da ma'aikata ƴan asalin Guna kuma su haɗa asusu, su bi ɗalibi har ranar da ya karɓi takardarsa, ba ranar rakiya tasha kaɗai ba.