Jawabi: A Koya wa Ma'aikata Sauraren Wanda Aka Azabtar

 

Kun san abin da ya sami Mbororo a Afirka ta Tsakiya a 2013 da 2014, lokacin da 'yan anti-balaka suka far wa Musulmi. An kashe mutane, an kwashe garkuna, dubbai suka tsallako Kamaru da Cadi, wasu ta Garwa-Bulai. Cikinsu akwai waɗanda aka ɗaure, aka doke, da matan da aka ci wa mutunci.

To, a nan matsalar take. In mutum ya zauna gaban ma'aikaci don a ji labarinsa, sai a ce masa: ran nawa ga wata abin ya faru? Makiyayi kuwa da damina da rani yake lissafi. Ga kunyar Fulani, ba ya kuka gaban baƙo, mace kuma ba za ta faɗa wa namiji abin da aka yi mata ba. Sai ma'aikacin da bai sami horo ba ya rubuta cewa magana ba ta daidaita ba.

Alhali akwai doka. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1984 ta hana mayar da mutum inda ake tsoron za a azabtar da shi. Akwai kuma ƙa'idar Istanbul ta 1999, wadda ke koya wa likitoci yadda za su gwada tabo da labarin mai shi. Ta nuna cewa rashin tabo ba ya nufin ba a yi azaba ba, kuma wahala takan rikita tunani.

Saboda haka muna roƙon hukuma da HCR abu uku. A horar da masu tambaya kan wannan ƙa'ida. A samo tafinta mai jin Fulatanci sosai. Mace kuma, mace ce za ta yi mata tambaya.

Ku ma 'yan'uwa, ku faɗi gaskiya yadda take. Abin da kuka manta ku ce kun manta, kada ku ƙirƙiro rana. Takardar asibiti kuwa ku adana ta kamar takardar rigakafin shanu.

Allah ya ba mu zaman lafiya. Wassalam.