Amsoshin Wasiƙunku: Me Ke Hana Sabon Kati Aiki A Cikin Kwamfuta?

A wannan mako wasiƙu uku ne muka haɗa wuri guda, dukkansu daga Jihar Zamfara, domin kuwa ciwonsu ɗaya ne. Ta farko daga wani mai shagon buga takardu da gyaran hoto ce a Gusau, ta biyu daga wani matashi mai koyon gyaran kwamfuta a Tsafe, ta uku kuma daga wata malamar makaranta a Bungudu. Kowannensu ya sayi kati don ya ƙara wa kwamfutarsa ta tebur ƙarfi, amma abin ya ƙi. To, sai ku gyara zama.

Kafin mu shiga amsa, bari mu ɗan share fage. Idan ka buɗe akwatin kwamfuta, za ka ga wani faffaɗan allo wanda kome da kome ke manne da shi. Shi ne masu gyara ke kira madabod. A ƙasansa akwai wasu dogayen gurabe, wato inda ake soka katuna: katin hoto, katin sauti, katin intanet da sauransu. Kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a 1981 gurabe biyar gare ta. Daga baya aka sami samfurin PCI a 1992, sai AGP na katin hoto a 1997, sannan PCI Express, wanda aka fitar da ƙa'idarsa a 2003, shi ne kuma ake amfani da shi har yau. Abin lura a nan shi ne, kowane gurbi yana da iyaka iri uku: iyakar wuri, iyakar wuta, da iyakar hanyar da saƙo ke bi. Duk matsalar da kuka aiko da ita, a ɗaya daga cikin ukun nan take.

To, Malam na Gusau, ka ce ka aika Kano an sayo maka babban katin hoto, da ƙyar ya shiga akwatin, kuma da ka kunna sai injin ya yi ta ɗaukewa, ga masu aiki na jira. Daga bayanin da ka yi, kwamfutarka irin siririn akwatin nan ce ta ofis, wadda ake shigo da ita ta hannu. Irin wannan akwati gajeren kati yake ɗauka, mai gajeren ƙarfe a baya. Wasu katunan ana sayar da su da ƙarfe biyu, dogo da gajere, sai ka kwance ɗaya ka ɗaura ɗaya. Idan kuwa katin ne da kansa ya fi akwatin tsayi, to kada ka matsa masa, don in allon ya lanƙwashe ya tsage, asarar ta zama biyu.

Amma babbar damuwarka wuta ce. Dogon gurbin nan da ake kira x16, iyakar abin da yake bai wa kati shi ne wat 75. Katin da ke cin fiye da haka sai an ja masa waya ta musamman daga akwatin wutar kwamfutar: mai baki shida tana ƙara wat 75, mai baki takwas kuma wat 150. Su kuwa siraran akwatunan nan, yawancinsu akwatin wutarsu tsakanin wat 180 zuwa 260 yake, kuma ba su da wannan waya sam. Ka ga ke nan an ɗora wa jaki kayan raƙumi. Da zarar katin ya fara aiki sosai, sai wuta ta gaza, injin ya mutu. Ka duba takardar da ke manne a jikin akwatin wutar, an rubuta ƙarfinsa a kai. Shawararmu ita ce ka mayar da katin a musanya maka da gajere wanda ba ya neman ƙarin waya, misali GT 1030, wanda cinsa wajen wat 30 ne, ya kuma isa aikin gyaran hoto na shago. In kuwa lalle babban kake so, sai ka nemi babban akwati da akwatin wuta mai ƙarfi. Sannan wani ƙaramin abu da ke kayar da mutane da yawa: idan ka sa katin hoto, wayar monita a jikin katin za ka soka ta, ba a tsohon bakin da ke jikin madabod ba. In ba haka ba, sai ka ga allo baƙi ƙirin, ka zaci katin ne matacce alhali lafiyarsa lau.

Sai kai ɗan'uwa na Tsafe. Ka ce ka sa ƙaramar ma'ajiyar nan ta zamani mai kama da tsinken cingam, wadda ake kira M.2, sai kawai tsohon hadis ɗin maigidanka ya ɓace, kwamfuta ba ta ganinsa, hankalinka ya tashi kana tsoron takardun mutane sun salwanta. To, kwantar da hankalinka, da wuya a ce wani abu ya goge. Ka ɗauki misalin hanyar mota. Kowane gurbi yana da layukan da saƙo ke bi zuwa ƙwaƙwalwar kwamfuta: wani layi ɗaya, wani huɗu, wani takwas, wani sha shida, shi ya sa ake ce musu x1, x4, x8 da x16. Layukan nan ƙidayayyu ne, ba su isa kowane gurbi ya sami nasa cikakke a lokaci guda ba. Saboda haka masu ƙera allo sukan haɗa gurabe biyu a kan hanya ɗaya. A wasu alluna, da ka cika gurbin M.2 sai baki ɗaya ko biyu na SATA, inda wayar hadis ke shiga, su rufe da kansu. Maganin abin mai sauƙi ne: kashe injin, ka cire wayar hadis ɗin daga bakin da take, ka mayar da ita wani bakin. Littafin allon yana faɗin bakin da ke rufewa, kuma sunan allon da lambarsa suna rubuce a jikinsa, da su za ka nemo littafin a intanet.

Ka kuma riƙe wannan tun da sana'arka ce. Ba duk dogon gurbi ne ke da layi sha shida ba. Haska tocila cikinsa: in ka ga 'yan ƙarafan ciki sun tsaya a rabi ko ƙasa da haka, to tsawon ne kawai, layukan huɗu ne ko takwas. Katin hoto a gurbin sama ake sa shi, mafi kusa da ƙwaƙwalwa. Ƙaramin kati yana aiki a dogon gurbi ba tare da matsala ba, amma dogon kati ba ya shiga gajeren gurbi sai in bayan gurbin a buɗe yake.

Malama ta Bungudu, ke kuma kin ce kuna shirya ɗalibai don jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 gaba ɗaya da kwamfuta ake yin ta, an ba ku tsofaffin katunan intanet amma sun ƙi shiga injinan da kuke da su. Malama, kada a tilasta. Ga alama katunanku na tsohon samfurin PCI ne, injinan kuma PCI Express gare su. Sunan ya yi kama, amma bakinsu da tsaginsu daban, ba sa shiga juna. Kin kuma ce a ɗaya injin babu sauran gurbi. Wannan ba laifin kowa ba ne, girman allo ne: babban allo samfurin ATX yana kai gurabe bakwai, matsakaici microATX huɗu, ƙarami Mini-ITX ɗaya tal. Ga shi kuma katin hoto mai kauri yakan rufe gurbin da ke maƙwabtaka da shi. Abin da ya fi muku sauƙi shi ne ɗan abin Wi-Fi da ake sokawa a bakin USB, ba sai an buɗe akwati ba. Ki dai fara duba bayan injinan, domin galibinsu suna da bakin wayar intanet tun daga kamfani, wataƙila ma ba ku bukatar kati ko kaɗan.

Daga ƙarshe, ga jan kunne gare ku duka. Kafin ka taɓa cikin kwamfuta, zare wayar wuta daga bango, ka danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wuta ta fita. A lokacin hunturu, da iska ke bushewa, jikin mutum yakan tara wata 'yar wuta, irin wadda kake ji ta ɗan tsunkule ka idan ka taɓa ƙofar mota. Ita kaɗai ta isa ta kashe kati. Don haka ka fara taɓa ƙarfen akwatin, ka kuma riƙe kati ta gefensa, ban da wurin nan mai ruwan zinariya. Ƙurar hunturu ma takan cika gurbi ta hana kati zama daidai, sai a hure ta da bulowa, a sake danna katin har sai maƙallin ya kama, a ɗaure ƙarfen da noti. Idan katuna biyu ko uku za ka sa, sa su ɗaya bayan ɗaya, kana kunnawa kana gwadawa, ta haka za ka gane wanda ke kawo cikas. Kuma kafin ka ba da kuɗinka a kasuwa, tafi da sunan injinka, da ƙarfin akwatin wutarsa, da hoton gurabensa a waya, ka kuma yi sharaɗi da mai kaya cewa in bai yi ba za ka dawo da shi.

To, Malam na Gusau, da ɗan'uwa na Tsafe, da Malama ta Bungudu, da fatan kun gamsu. Ku rubuto mana yadda ta kaya bayan kun gwada. Sai wani makon in Allah Ya kai mu, a huta lafiya.