Manomin Auduga, Riƙe Littafinka

Manoman auduga na Tamale da kewaye. Ku kasa kunne.

Taki da maganin feshi da kamfani ke ba ku da damina bashi ne. Ran ciniki za a cire shi daga kuɗin audugarku. Mutum ya sha wahala wata shida, sai akawu ya ce taki buhu 3 ya karɓa, shi kuwa 2 yake tunawa. To, wa za a gaskata? Akawu na da littafi, manomi ba shi da shi.

Saboda haka kowa ya sayi ɗan littafi a kasuwar Aboabo. Ran da ka karɓi kaya, rubuta ranar, da yawansa, da kuɗinsa sidi nawa. Kuɗin 'yan ƙwadago ma rubuta shi. In ba ka iya boko ba, ajami ya isa.

Yanzu akwai manhajar lissafi ta waya, mai ajiye lissafinka a intanet ko da wayar ta ɓace. Mai iyawa ya gwada. Saƙon MoMo kuwa rasit ne, kada ka goge shi. Ran awo ka tsaya gaban sikeli da kanka, ka rubuta kilo nawa tun ba a ɗauke buhu ba.