Gona da Wurin Zama: Bayan Gidan Marayu

Karatu: 2 Sama'ila 9:1-13



Lokacin Kirsimeti mukan kai shinkafa da sabulu gidajen marayu, mu yi waƙa da yara, mu dawo da murna. Wannan abu ne mai kyau. Amma waɗannan yara suna girma. Dokar Haƙƙin Yara ta Nijeriya ta 2003 ta ce yaro shi ne wanda bai kai shekara 18 ba. Da ya kai, sau da yawa sai ya ɗauki jakarsa ya fita. Ina za shi? Ba gidan uba, ba gonar gado. In ya nemi aiki, sai a ce ya kawo mai tsaya masa. In ya nemi aure, sai a tambayi danginsa.

A Ingila an ga yadda irin waɗannan matasa da yawa suke ƙarewa ba aiki, ba wurin kwana. Don haka a 2014 aka ba su dama su ci gaba da zama da masu riƙonsu har shekara 21. A 2017 kuma aka ce a ba su mai ba da shawara har shekara 25.

Ku duba Mefiboshet. Yana ɗan shekara 5 ubansa Yonatan ya mutu a yaƙi, ya kuma gurgunce. Makir ya riƙe shi a Lodebar. Sa'ad da Dawuda ya aika a kawo shi, ya riga ya zama babban mutum. Sarki ya mayar masa da gonakin kakansa Saul, ya sa Ziba ya noma masa, ya kuma ba shi wurin cin abinci tare da 'ya'yan sarki kullayaumin. Ya sami abin yi, ya sami mataimaki, ya sami iyali.

Mu ma za mu iya. Kafinta ko tela a cikinmu ya ɗauki ɗaya ya koya masa sana'a. Dattijon ikkilisiya ya tsaya masa a matsayin uba. Zumuntar Mata ta riƙe 'yan mata har ranar aurensu. Gama mu ma bare ne dā, Allah ya mai da mu 'ya'yansa ta wurin Almasihu.

Mu yi addu'a. Ya Uban marayu, ka buɗe idanunmu, ka buɗe gidajenmu. Cikin sunan Yesu, Amin.