Shari'ar Biri da Gardamar da Ta Biyo Baya

A watan Yulin 1925 ƙaramin garin Dayton na jihar Tennessee a Amurka ya cika ya batse. Wani malamin makaranta, John Scopes, aka gurfanar bisa zargin koya wa ɗalibai ra'ayin Darwin na sauyin halittu, wai mutum da biri asalinsu ɗaya. A lokacin dokar jihar ta haramta haka. Aka ci shi tarar dala 100, 'yan jarida kuwa suka raɗa wa zaman suna Shari'ar Biri.

Hujjar Kiristocin da ke adawa a fili take: Littafin Farawa ya nuna cikin kwana shida Allah Ya yi halitta. Wasunsu ma har yau suna riƙe da lissafin Bishop Ussher, wanda ya ce shekara 4004 kafin haihuwar Almasihu aka fara duniya. A ganinsu, in aka taɓa labarin Adamu, an girgiza koyarwar zunubi da ceto.

Daga baya dai a kotu ba su ji da daɗi ba. Kotun Ƙolin Amurka ta soke irin wannan haramci a 1968.

Sai dai kuskure ne a yi wa Kiristoci kuɗin goro. A 1996 Fafaroma John Paul na Biyu ya ce ra'ayin sauyin halittu ya wuce zato kawai, amma ya tsaya kan cewa Allah ne ke halittar ruhin ɗan Adam kai tsaye.