Fanken Oben Mai Tashi Ba Yis

Yau za mu leƙa Amurka mu ɗauko wani abin karin kumallo da suke kira Dutch baby. Asalinsa fanken Jamusawa ne, amma wani gidan abinci a birnin Siyatil, Manca's Cafe, shi ya yi suna da shi a farkon ƙarni na 20.

Fanken da muka saba da shi sai an sa yis, an jira ya tashi, sannan a soya. Wannan kuwa babu yis, babu bakar hoda, zafi ne kaɗai ke tayar da shi. Ruwan da ke cikin madara da ƙwai yakan zama tururi ya hura ƙullun, ƙwan kuma ya nuna ya riƙe shi.

Uwargida, ɗauko biro. Ƙwai 3, madara rabin kofi, fulawa rabin kofi, sukari cokali 1, gishiri ɗan kaɗan, bota cokali 3. Idan ƙwai da madarar daga firji suke, bar su sanyin ya sake su tukuna.

Kunna oben a kan digiri 220 na ma'aunin Salshiyos, ki saka kaskon ƙarfe marar hannun roba ya yi zafi sosai. Kafin nan ki kaɗa kayan nan, ban da bota, har gudaji su mutu, ƙullun ya yi ruwa-ruwa. Sai ki ciro kaskon da tsumma mai kauri, ki jefa bota. Da ta narke tana kumfa, juye ƙullun gaba ɗaya a tsakiya, ki mayar nan take.

To, a nan ake yin ta. Minti 15 zuwa 20, kada ki buɗe oben, don iska mai sanyi na shiga zai kwanta. Ta gilashi za ki ga gefensa ya haura bakin kasko, ya yi ja.

Idan kin ciro shi tsakiyar za ta lotsa. Kada ki damu, nan ne mazubin 'ya'yan itace: tuffa da aka soya da bota da kirfa, ko yankakkiyar ayaba, ko mangwaro. Matsa lemon tsami, ki ɗiga zuma. A tara iyali tun yana cikin wuta, domin da zafinsa ake ci.

A ci lafiya.